Yadda Ake Rubuta Tarihin Ƙaramin Kamfanin Ƙera Mutum-mutumi, da Misalin Zipline

Duk wanda aka ɗora wa aikin rubuta tarihin kamfanin ƙera mutum-mutumi, ko ɗan jarida ne, ko ɗalibi mai haɗa kundin kammala karatu, ko ma'aikacin da aka ce ya shirya wani abu don bikin cikar kamfani shekara goma, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin shekarun da kamfanin ya riga ya tsara wa kansa a shafinsa na intanet. Jerin yakan zo a gyare tsaf, da shekarar kafuwa da shekarar samun jari da shekarar lashe lambar yabo, kuma mutum yakan ji kamar an riga an yi masa aikin. Sai dai sashen talla ne ya tsara wannan jeri, aikin sashen talla kuwa shi ne ya nuna cewa kamfanin bai taɓa tuntuɓe ba. Wannan jagora zai bi matakan aikin ne ta hanyar misali guda, wato kamfanin Zipline na Amurka, wanda jiragensa marasa matuƙa suka riƙa kai jini da magunguna da alluran rigakafi asibitoci a Ruwanda da Ghana, daga baya kuma har Jihar Kaduna. Na zaɓe shi ne saboda ya fara ƙarami ƙwarai, kuma mafi yawan tarkunan da mai rubutu kan faɗa suna cikin labarinsa.

Yaushe aka kafa shi?

Wannan tambaya tana kama da mai sauƙi, amma da wuya amsarta ta zama guda ɗaya. Yawancin rahotanni sukan ce an kafa Zipline a 2014. Wanda ya tono kaɗan zai tarar cewa shugabansa, Keller Rinaudo, ya fara ne tun 2011 da wani kamfani mai suna Romotive, tare da Peter Seid da Phu Nguyen, kuma abin da suke ƙerawa ba jirgi ba ne, wani ɗan abin wasa ne mai suna Romo: ƙaramin gindi mai ƙafafun sarƙa irin na tankar yaƙi, ana kafa masa wayar iPhone a kai, wayar ta zama ƙwaƙwalwarsa kuma fuskarsa. Kuɗin farko daga jama'a suka tara shi ta shafin Kickstarter. A 2014 ne aka bar abin wasan aka koma jiragen kai kaya, tare da mutane irin su William Hetzler da Keenan Wyrobek, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken mutum-mutumi ta Willow Garage a kan manhajar ROS da masu ƙera mutum-mutumi da yawa ke amfani da ita har yau.

Abin yi a nan shi ne ka rubuta duka shekarun, ka faɗi abin da kowace take nufi. Ka nemo ranar rajista, da ranar da aka fara aiki a zahiri, da ranar da aka canza suna ko aka canza sana'a. Canza suna abu ne da ya zama ruwan dare a wannan fage, domin Rethink Robotics da Rodney Brooks ya kafa a 2008 sunansa na farko Heartland Robotics ne, iRobot ma da ke birnin Bedford na jihar Massachusetts ya taɓa amsa sunan IS Robotics. Wanda bai san tsohon suna ba zai yi ta bincike a banza, ya ɗauka cewa shekarun farko babu komai a cikinsu. Idan kamfanin na Najeriya ne, shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana nuna ranar rajista da lambarta. Don ganin yadda kamfani yake bayyana kansa a da, ka saka adireshin shafinsa a Wayback Machine na Internet Archive, ka duba hotunan shafin shekara bayan shekara, domin a nan ake ganin kayan da aka daina sayarwa da alƙawuran da aka goge a ɓoye.

Teburin aiki

Kafin ka rubuta jimla ko ɗaya ta tarihin, ka buɗe tebur a kwamfuta ko a littafi mai faɗi, ka raba shi gida huɗu. A gida na farko ka sa kwanan wata, a na biyu abin da ya faru, a na uku wanda ya faɗa da inda ya faɗa, a na huɗu kuma matakin da al'amarin ya kai. Wannan gida na huɗu shi ne ya fi kowanne amfani, kuma kalmomi uku kawai za su shiga cikinsa: an sanar, an gwada, ana aiki.

Dalilin wannan rabe-rabe yana fitowa fili a labarin Zipline. A watan Agustan 2017 an sanar da cewa kamfanin zai fara aiki a Tanzaniya a shekarar da ke tafe, jaridun duniya kuma suka ɗauki labarin da manyan kanu. Amma ƙasa ta biyu da jiragen suka fara aiki a cikinta bayan Ruwanda ita ce Ghana, a watan Afrilun 2019, daga cibiyar Omenako. Marubucin da ya dogara da labarin 2017 kaɗai zai sa Tanzaniya a jerin nasarori. Haka ma a Kaduna, an sanar da yarjejeniya da gwamnatin jihar a farkon 2021, aikin kuwa sai a 2022 ya fara daga cibiyar Pambegua. Duka ranakun biyu gaskiya ne, sai dai ɗaya ranar sa hannu ce a takarda, ɗaya kuma ranar da ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta fara karɓar kaya daga sama. Inda aka ce za a gina cibiyoyi kaza, ka rubuta adadin a ƙarƙashin “an sanar”, sannan ka nemi sanin nawa ne aka gina, ka buɗe musu layi na daban.

A ganina wannan shi ne babban aikin mai rubuta tarihin fasaha, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Mutum-mutumi abu ne mai ɗaukar ido, faifan bidiyo na minti biyu ya isa ya sa mutane su ɗauka cewa na'ura ta gama haɗuwa, alhali ana iya ɗaukar hoton sau da yawa kafin a sami wanda ya yi kyau. Idan marubuci bai raba gwaji da aiki ba, mai karatu ba shi da hanyar rabawa.

Waɗanne ranaku ne suka cancanci shiga?

Da zarar teburin ya cika za ka ga layuka sun fi ƙarfin rubutun, dole a tace. Ma'aunin da nake ba da shawara a kansa shi ne a tambayi kowane layi ko bayan wannan rana kamfanin ya iya wani abu da ba ya iyawa a da, ko ya daina wani abu da yake yi. Lambar yabo da ziyarar babban baƙo ba kasafai suke tsallake wannan tambaya ba.

Abu na farko da yake tsallakewa shi ne ranar da wani ya biya kuɗi ya yi amfani da na'urar a aikinsa na yau da kullum. Ga Zipline wannan rana ta zo a watan Oktoban 2016 a Muhanga, lokacin da Shugaba Paul Kagame ya ƙaddamar da cibiyar farko, gwamnatin Ruwanda kuma ta zama mai biyan kuɗin aikin, yayin da Gidauniyar UPS da ƙawancen rigakafi na Gavi suka tallafa. Ka lura da tazarar da ke tsakanin kafuwa da cinikin farko, ka kuma rubuta ta ɓaro-ɓaro, domin a cikinta ne ainihin wahalar take. Universal Robots na birnin Odense a Denmark an kafa shi a 2005, bai sayar da hannun mutum-mutumi na farko da ya ƙera ba sai a ƙarshen 2008. iRobot an kafa shi a 1990, amma Roomba, na'urar sharar ɗaki da ta sa duniya ta san shi, sai a 2002 ta fito, bayan shekara goma sha biyu na kwangilolin soja da kayan wasan yara da gwaje-gwaje iri-iri. Tarihin da ya tsallaka daga shekarar kafuwa kai tsaye zuwa shekarar nasara ya zubar da rabin labarin, kuma rabin da matasa masu son shiga wannan sana'a suka fi buƙatar ji.

Abu na biyu shi ne izinin hukuma. Jirgi marar matuƙi ba ya tashi sai da yardar hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Zipline, da ke jihar Kalifoniya, ya fara aikinsa na gaske a Ruwanda, inda gwamnati ta buɗe masa sararin sama tun da wuri. A ƙasarsa ta asali sai a 2020 ya fara kai kayan asibiti a jihar North Carolina lokacin annobar korona, sai kuma a ƙarshen 2021 ya fara aiki da kantunan Walmart a garin Pea Ridge na jihar Arkansas. Wanda ya jera waɗannan ranaku kusa da juna zai ga cewa Afirka ta riga Amurka da kusan shekara huɗu, kuma dalilin yana cikin takardun izini fiye da yadda yake cikin ɗakin gwaji.

Abu na uku shi ne sauyin na'urar kanta, kuma a nan ya kamata marubuci ya zauna ya fahimci yadda abin yake aiki kafin ya kama alƙalami. Jirgin Zipline na asibitoci mai fikafikai ne kamar ƙaramin jirgin sama, yana aiki da batir. Ma'aikacin lafiya yakan turo buƙatarsa ta saƙon waya, a cibiya a ɗauko jakar jini ko magani a sa a cikin kwali, a cusa kwalin a cikin jirgin, a ɗora jirgin a kan wata na'urar cillawa mai aiki da lantarki, ta wurga shi sama cikin ƙiftawar ido. Yana tafiyar kimanin kilomita 100 a awa, yana iya zuwa wuri mai nisan kimanin kilomita 80 ya dawo, kayan da yake ɗauka kuwa ba su kai kilo 2 ba. Idan ya iso asibiti ba ya sauka, sai ya rage tsawo ya buɗe cikinsa ya saki kwalin, kwalin ya sauko da 'yar laimar takarda a filin da aka ware, jirgin ya juya gida. Yadda ake kama shi idan ya dawo shi ne ya sauya. A samfurin farko ƙugiyar da ke jelarsa takan kama igiya, jirgin ya faɗa kan wata babbar katifar iska. A samfurin da aka nuna a 2018 an daina amfani da katifar, waya ce ake miƙawa tsakanin dogayen ƙarafa biyu, ta cafke jirgin a sama ya tsaya yana lilo, ma'aikata su sauke shi su canza batir. Wannan sauyi ya rage lokacin da ake ɓatawa tsakanin tashi da tashi, saboda haka ya cancanci layi a tarihin. A watan Maris na 2023 kuma kamfanin ya nuna wani tsari na daban don kai kaya gidaje a birane, inda jirgin ke tsayawa cak a sama ya zuro ƙaramar na'ura da igiya ta ajiye kayan. Ranar nunawa ce wannan, don haka a teburinka sai ka nemo ranar da aka fara ciniki da shi ka ba ta nata layin.

Samun jari yana da muhimmanci, amma a ba shi jimla ɗaya ko biyu. A 2019 an ƙiyasta darajar Zipline ta haura dala biliyan 1. Ƙiyasin masu zuba jari ne, ba kuɗin da kamfanin ya samu daga ciniki ba, kuma ya kamata a faɗi hakan a cikin jimlar da adadin ya fito.

Mutanen da za a ji ta bakinsu

Kowane mai kafa kamfani yana da labarin mafari da ya saba bayarwa. Rinaudo ya sha ba da labarin ziyarar da ya kai Tanzaniya a 2014, inda wani mai bincike a Cibiyar Lafiya ta Ifakara ya nuna masa tarin saƙonnin da ma'aikatan lafiya ke turowa ta waya suna neman kayan gaggawa, alhali babu hanyar kai musu a kan lokaci. Labari ne mai kyau, kuma ya dace ya shiga, amma a jingina shi ga mai shi, a ce shi ne ya faɗa. Labarin da aka maimaita a gaban masu zuba jari da 'yan jarida shekara da shekaru yakan yi santsi, duk wata gargada ta goge. Hanyar dawo da gargadar ita ce neman hirarrakin da aka yi da mutumin tun kamfanin bai yi suna ba, a kwatanta da na baya-bayan nan.

Bayan shugabanni, ka nemi injiniyoyin da suka bar aiki, da ma'aikatan cibiya waɗanda hannunsu ke taɓa na'urar kullum, da masu amfani da ita. Idan akwai halin zuwa wurin, ka je, gani ya kori ji. Ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwajin jini yadda suke samo jini kafin zuwan jiragen, da tsawon lokacin da hakan ke ɗauka a damina idan hanya ta lalace, da abin da ke faruwa ranar da jirgi bai zo ba. Ka nemi izinin kowa kafin ka naɗi muryarsa, wanda ya nemi a sakaya sunansa kuma a sakaya, musamman ƙananan ma'aikata da maganarsu za ta iya jawo musu matsala a wurin aiki.

Masu suka ma suna da haƙƙi a cikin tarihin. A Ghana, kafin majalisar dokoki ta amince da yarjejeniyar a watan Disamban 2018, an yi muhawara mai zafi a kan kuɗinta, wanda aka ce ya kai dala miliyan 12.5 cikin shekara huɗu, Ƙungiyar Likitocin Ghana kuma ta nuna adawa, tana ganin akwai buƙatun da suka fi wannan gaggawa a asibitocin ƙasar. Marubucin da ke ƙaunar kamfanin zai so ya tsallake wannan babi, amma muhawara ce ta gaske a kan yadda ake kashe kuɗin lafiyar jama'a, kuma mai karatu a Kano ko Maraɗi zai gane tambayar nan take, domin ita ce zai yi idan aka kawo irin wannan kwangila garinsu.

Alƙaluma

Kowane adadi ya zo da shekararsa da mai shi. Kamfanin ya sanar a watan Afrilun 2024 cewa ya kai kaya sau miliyan 1. Wannan adadin kamfani ne, a rubuta shi a matsayin haka. Ya bambanta da binciken da mujallar The Lancet Global Health ta wallafa a 2022 a kan asibitocin Ruwanda, wanda ya gano cewa jinin da ke lalacewa a ajiye ya ragu da kimanin kashi 67 cikin 100 bayan fara amfani da jiragen. Dalilin raguwar yana da sauƙin bayani: asibitin da ya san jini zai iso masa cikin ɗan lokaci ba ya buƙatar tara jakunkuna a firji har wa'adinsu ya wuce. Irin wannan adadi, wanda masu bincike suka auna kuma aka san musabbabinsa, ya fi adadi goma na takardar manema labarai nauyi. Kalmomi irin su “na farko a duniya” da “mafi girma” kuwa, a guje su sai an sami wanda ba shi da hannu a kamfanin ya tabbatar.

Idan an sayar da kamfanin ko ya rufe

Ƙananan kamfanonin wannan fage da yawa ba su daɗe suna cin gashin kansu, don haka marubuci ya shirya wa wannan babi. Sayarwa ba ita ce ƙarshen labari ba, a bi sawun abin da ya sami na'urar da abokan ciniki. Kiva Systems, wanda Mick Mountz ya kafa a 2003 don ƙera ƙananan na'urori masu ɗauko kantoci a rumbunan ajiyar kaya, Amazon ya saye shi a 2012 a kan dala miliyan 775, daga baya aka daina sayar wa wasu kamfanoni da na'urorin, aka canza masa suna zuwa Amazon Robotics. Ga masu jari nasara ce, ga tsofaffin abokan ciniki kuwa neman mafita ne, kuma wannan giɓi ya buɗe wa sababbin kamfanoni kasuwa. Rethink Robotics ya rufe a watan Oktoban 2018, shekara shida bayan fitowar mutum-mutuminsa mai suna Baxter, rukunin HAHN na Jamus ya sayi fasaharsa. iRobot ya amince a 2022 Amazon ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 1.7, cinikin ya rushe a watan Janairun 2024 saboda adawar hukumomin Tarayyar Turai, shugabansa Colin Angle ya sauka, aka sallami kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura yana buƙatar kwanan wata da dalili kamar yadda ranar ƙaddamarwa take buƙata.

Zama a rubuta

Ka bi tsarin lokaci, amma kada ka raba wa shekaru shafuka daidai wa daida. Shekarar da aka bar Romo aka koma jirgi ta cancanci shafuka, shekarar da aka ƙara cibiya ɗaya a ƙasar da ake aiki tuni jimla ta ishe ta. Duk inda majiyoyi biyu suka saɓa a kan kwanan wata, ka fifita takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru a kan tunanin mutum bayan shekaru, ka kuma ambaci saɓanin idan yana da tasiri. Kalmomin fasaha ka bayyana su sau ɗaya ta hanyar faɗin abin da na'urar ke yi, sannan ka ci gaba.

Idan ka gama, ka aika wa kamfanin jerin ranaku da alƙaluma da sunaye domin su duba kuskure, amma ka riƙe rubutun kansa, ka kuma bayyana musu tun farko cewa gyaran hujja kake nema, ba amincewa da hukuncinka ba. Duk gyaran da suka kawo ka nemi takardar da ke goyon bayansa. A ƙasan rubutun ka sa watan da shekarar da ka tsayar da bincike, domin kamfanin da ke raye zai ƙara cibiyoyi ko ya rufe wasu bayan an buga aikinka. Teburin nan mai gida huɗu, da muryoyin da ka naɗa, da hotunan tsofaffin shafukan intanet, ka adana su a wuri biyu, ka kuma miƙa kwafin abin da masu hira suka yarda a saki ga ɗakin karatu na jami'a ko ma'ajiyar tarihi mafi kusa da kai.